Ƙarfen da Ya Baro Dutsensa

A duk shekara idan Makon Hausa ya ƙarato, al'adar wannan sashe namu ce a roƙi ɗalibai kowa ya leƙa ɗakin tsofaffin gidansu, ya aro mana abin da ya samu na kayan gargajiya domin baje koli. Yawanci abin da kan zo bai wuce faifai da ludayi da akushi da tsohuwar fitilar aci-balbal ba, wato abubuwan da ko ɗan shekara bakwai zai faɗi sunansu. Amma a bara wani ɗalibinmu ɗan aji uku, haifaffen unguwar Sabo ta Ibadan, ya zo mana da wani tsohon adudu na kakarsa ta wajen uba, wadda ta rasu shekaru kaɗan da suka wuce. Ya ce tun ranar da aka raba gado adudun yake ajiye a ƙarƙashin gado, cikin magada babu wanda ya tambaye shi.

Da muka buɗe sai muka tarar da mazarai guda uku, biyu da gululunsu, ɗaya babu. Akwai dunƙulen alli wanda yatsu suka rarake tsakiyarsa, da 'yar taskira, da guntun farin ƙyalle saƙar hannu, da kuma wani ɗan baka wanda tsirkiyarsa ta tsinke. A can ƙasa kuwa, naɗe cikin tsumma, sai ga wani ƙarfe. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, kaurinsa a tsakiya kamar babban yatsa, sa'an nan ya yi ta sirancewa zuwa bakinsa na dama da na hagu. Ba shi da kaifi, ba shi da tsini, ba shi da ƙota, ba shi da rami ko ƙugiya. Tsatsa ta ɗan kama bakunan nasa, amma tsakiyar sumul take, har tana ɗaukar ido idan an goge. Mu sama da ashirin ne a ɗakin, malamai da ɗalibai, daga Sakkwato har Yola akwai wanda ya fito, amma aka rasa mai cewa ga sunansa.

Ba a rasa masu hasashe ba dai. Wani ya ce taɓaryar daka kwalli ce ko turare, sai aka nuna masa cewa taɓarya bakinta ne ke cinyewa, wannan kuwa bakinsa bai taɓa dukan komai ba. Wani ya ce kayan wanzanci ne, wani ya ce guntun ƙarfe ne da maƙeri bai gama aikinsa ba. Maganar da ta fi shiga kunnenmu ita ce ta wani malami wanda ya yi hidimar ƙasa a Jalingo. Ya ce a ƙasar Mumuye da wasu sassan Adamawa an yi zamanin da sandunan ƙarfe masu kauri a tsaka su ne kuɗi, musamman wajen biyan dukiyar aure. Wannan magana gaskiya ce, kuma ta yi mana daɗi, domin kowane mai baje koli yana son a ce ya samo abin mamaki. Har mun rubuta a 'yar takarda cewa “kuɗin ƙarfe na zamanin da”, mun jingina ta a jikinsa. Ba mu tsaya mun tambayi kanmu abin da ya kai kuɗin Mumuye cikin adudun tsohuwa Bazazzagiya ba, a tsakanin mazari da alli. Ba mu kuma tambayi abin da ya goge tsakiyar ƙarfen ba, alhali kuɗi ajiye su ake yi, ba a murza su.

Wadda ta fara warware mana ba Bahaushiya ba ce. Wata dattijuwa ce Bayarbiya, 'yar ƙasar Iseyin, mai share mana ofisoshi. Ta shigo da tsintsiyarta da sassafe muna jera kaya, idonta ya faɗa kan ƙarfen, sai ta ajiye tsintsiya ta ɗauke shi. Ta durƙusa, ta ɗora shi a kan benci, ta danne bakunansa biyu da tafukan hannunta, ta mirgina shi gaba, ta dawo da shi, ta sake mirginawa. Muka ce, “Mama, mene ne wannan?” Ta ce uwarta tana da irinsa, da shi ake fitar da 'ya'yan auduga, amma a wajensu a kan faffaɗan katako ake yi. Ta dubi takardar da muka rubuta, aka fassara mata, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da aikinta. Tun da yake Iseyin gari ne na masaƙa tun kaka da kakanni, babu wanda ya yi mata musu. Muka yage takardar.

Saura suna. Da yamma ɗalibin ya kai mu Sabo wurin wata tsohuwa, aminiyar marigayiyar, wadda shekarunta sun doshi casa'in. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta tsokani yaron da cewa angonta ya yi mata yaji ya daɗe bai kawo cefane ba. Da aka warware tsumman ta ga ƙarfen, sai ta yi shiru, ta karɓa tana juya shi a hannu. Can ta ce, “Allah ya jiƙan mai shi. 'Yan nan, duk karatun naku ba ku san ƙarfen gurza ba?” Muka ce, “Hajiya, shi ya kawo mu.” Ta ce ai wannan rabin abu ne muka ɗauko, kamar a ba mutum taɓarya babu turmi. Abokinsa shi ne magurji, wani shafaffen dutse mai faɗi. Ta ce ita da marigayiyar daga ƙauyukan ƙasar Zazzau aka kawo su aure Badun, a jirgin ƙasa, kafin a ba da mulkin kai. Dutse nauyi gare shi, ba a shiga jirgi da shi. Sai kowace ta naɗe ƙarfenta ta zo da shi, da nufin in an iso a nemi wani dutsen. Da suka iso suka tarar Sabo unguwar fataucin goro da shanu ce, babu gonar auduga ko ɗaya, babu masaƙin da ke jiran zarensu. Ita nata ƙarfen ma ta ce ba ta san inda ya shiga ba.

Mu ɗaliban harshe ba za mu wuce kalmar magurji ba mu ɗan tsaya ba. Daga aikatau gurza ta fito, aka yi mata ɗafa-goshin ma- na sunan kayan aiki, sa'an nan z ta koma j a gaban wasalin i, abin nan da malaman nahawu ke kira ganɗantawa. Kalmar tana nan da ranta, sai dai ta sake gida. Tambayi kowace budurwa a yau mene ne magurji, za ta nuna maka hudadden gwangwanin da ake gurza kuɓewa ko rogo. Ita kanta audugar ma sunanta ba ɗaya ba ne, domin mutanen Sakkwato da Katsina kaɗa suke cewa, wasu kuma abduga.

To, mene ne aikin wannan ƙarfe, har da za a naɗe shi a tsumma a ajiye fiye da shekara sittin? Audugar da aka tsinko daga gona ba ta kaɗuwa, domin kimanin kashi biyu cikin uku na nauyinta angurya ce, kuma gashin a manne yake da ita. Dole sai an raba su. Mace takan ɗebi 'yar kaɗan ta shimfiɗa a kan magurji, ta ɗora ƙarfen, ta danna da ƙarfin kafaɗunta tana mirginawa. Ƙarfen yakan danne gashin a jikin dutse, ya tura anguryar gaba har ta fice. Abin da ya sa tsakiyarsa ta fi kauri ke nan, domin nan ne ke cin audugar, sirantattun bakunan kuma su ne wurin tafin hannu. Daga nan sai shiɓa, kuma a nan ne muka gane cewa ɗan bakan nan da muka ɗauka na wasan yara ne, ashe bakan shiɓa ne: ana kaɗa tsirkiyarsa a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi. Sa'an nan a yi sutu, a ɗauki mazari, a shafa alli a yatsu, a kama kaɗi, ko zare siriri ko abawa mai kauri. Sai bayan duk wannan ne namiji zai karɓa ya yi wadari, ya hau masaƙa ya jefa ƙoshiya. Ashe dai adudun nan ba tarkace ba ne. Sana'a ce guda cur, an jera ta daga farko har ƙarshe, mu ne ba mu iya karanta ta ba.

Wannan dabara ta mirgina sanda a kan dutse tana cikin mafi daɗewar hanyoyin gurzar auduga a duniya. Akwai zanenta a bangon kogunan Ajanta na ƙasar Indiya tun wajen ƙarni na 5. A Afirka ta Yamma kuwa, malamin nan na Andalus, al-Bakri, ya ambaci auduga da saƙarta a yankin kogin Sanagal cikin littafin da ya kammala a 1068, kuma a kogunan duwatsun Bandiyagara na ƙasar Mali an tono tufafin auduga na mutanen Tellem waɗanda suka kai ƙarni na 11 zuwa na 12. Duk inda aka ga tufar auduga ta wancan zamani, to, an raba gashi da angurya da hannu kafin a same ta.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne Kano ta ƙarni na 19. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafi. Ya ƙiyasta cewa abin da Kano ke fitarwa na saƙa da rini a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba, kuma Tambutu kaɗai tana karɓar kayan raƙuma kamar 300. Tufar Kano tana kai wa Ghat da Murzuk har Tarabulus, Buzaye kuwa ba su da rawanin da ya wuce baƙin nan mai ƙyalli na marinar Kura. Duk wanda ya karanta tarihin nan ya san marina, ya san mabuga, ya san fatake da madugai. Amma ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi lissafi da kansa. Masaƙi ɗaya yana iya cinye zaren mata da yawa, domin kaɗi ya fi saƙa cin lokaci nesa ba kusa ba, kuma kowane zare sai da aka gurza audugarsa tafi bayan tafi. Idan haka ne, a ƙarƙashin kowane raƙumi da ya tashi daga Kano akwai ɗaruruwan mata durƙushe a gaban dutse. Ba su da unguwa mai sunansu kamar yadda marina da maƙera suke da ita, ba su da sarkin sana'a a fada, ba a kuma ganinsu a kasuwa, domin tsofaffi da yara ne ke kai musu zaren. Baturiyar nan masaniyar tarihi Colleen Kriger tana cikin waɗanda suka jawo hankali ga wannan gefe, a nazarinta na 1993 kan saƙa da rabon aiki tsakanin maza da mata a Daular Sakkwato.

Kada kuma mu yi wa zamanin kwalliyar da ba tasa ba. Ba duk mai gurza ce take gurza wa kanta ba. A rumadan Zazzau da gandayen Kano bayi ne ke noma audugar, kuyangi da bayi mata kuma suna cikin masu gurza da kaɗi, amfanin na iyayengijinsu. Amma ga 'ya mace mai 'yanci, musamman ta cikin kulle, zare shi ne dukiyar da ba ta miji ba. Da shi take biki, da shi take adashi, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Hajiya ta gaya mana cewa tasoshin da aka jera mata ranar aurenta, da kuɗin zaren uwarta aka saye su. Ta ce da dare ake haɗuwa a ɗaki ɗaya a kunna fitila ɗaya don tsimin mai, manya na kaɗi, yara na sauraron tatsuniya. Ke nan har adabin bakan da muke nazari a aji yana da alaƙa da wannan adudu.

Injin da ya zo ya karɓe aikin daga nesa ya taso. A 1794 Eli Whitney ya yi rajistar injinsa na gurza a Amurka, wanda ya sa noman auduga ya bunƙasa a kudancin ƙasar, bautar baƙar fata ta bunƙasa tare da shi: bayin da ba su wuce 700,000 ba a 1790 sun kusa miliyan 4 a 1860. Masaƙun Lankasha na Ingila suka dogara da wannan auduga, har yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke ta, ma'aikata suka shiga yunwa. Tun kafin wannan ma Turawa sun fara waiwayen wata ƙasar. Abin lura a gare mu mazauna nan shi ne, ta ƙasar Yarbawa injin gurza ya fara shigowa Nijeriya. A shekarun 1850 Henry Venn na ƙungiyar mishan ta CMS da wani attajirin Mancesta mai suna Thomas Clegg suka riƙa aiko da ƙananan injuna Abeokuta. A 1902 kuma aka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta domin yaɗa noman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka. Ta kafa injuna a Ibadan da Oshogbo, amma idonta yana kan Arewa. Fatar samun audugar Arewa tana cikin manyan dalilan da suka sa aka ja layin dogo har ya isa Kano a 1911, aka kuma kafa injin gurza a Zariya.

Sai dai lissafin Bature bai fita yadda ya so ba. Manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma ana cinta in fari ya zo, sai suka cika jirgin da gyaɗa tun daga 1912. Audugar da aka noma kuwa, masaƙan gida sukan saye ta da tsadar da ta fi ta kamfani. Wato dai a shekarun farko ƙarfen nan na cikin adudu ya yi ja-in-ja da injin Mancesta a kasuwa ɗaya, kuma ba kullum ne injin ke rinjaye ba. Wannan ita ce gaɓar da ta fi burge mu a tarihin duka, kuma ita ce aka fi mantawa.

Abin da kasuwa ta hana, mulki ya bayar. A 1912 aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen, aka riƙa raba shi ta hannun hakimai da dagatai. Aka keɓe kasuwannin auduga inda ma'aikaci ke duba ta ya yanka mata daraja, aka kafa dokar tuge karan auduga a ƙone bayan kaka. Injuna suka bazu a Funtuwa da Gusau da Malumfashi da sauransu, har sunan kamfanin ya zama sunan unguwa, Bisije. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga wadda ke yanke farashi, kuma ba a daina aiki da irin waɗannan hukumomi ba sai 1986. A ƙarƙashin wannan tsari manomi yakan kai audugarsa da anguryarta gaba ɗaya, irin shuka kuma daga inji yake dawowa. A da kuwa a gindin magurjin matar gida ake tara irin baɗi. Ta ɗaya gefen kuma ga zaren inji da akoko da atamfa sun cika kasuwa da araha, sa'an nan a 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna, wasu suka biyo baya. Babu ranar da aka yi shela aka hana gurza. Masaƙi ne ya ga zaren kanti ya fi sauƙi, mai kaɗi ta ga wahalarta ba ta biya, sai ta koma ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula. 'Yarta ta tashi ba ta koya ba, jikanta kuma ya zo jami'a ya kasa faɗin sunan ƙarfen. Su ma masaƙun Kaduna ba su dawwama ba, domin KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Ana jibi za a buɗe baje kolin muka ce ba za mu ajiye ƙarfen haka kawai ba, sai mun ga aikinsa. Wani ɗalibi ɗan Funtuwa ya sa aka aiko masa da 'yar auduga mai angurya a leda ta hannun direban motar shanu. Dutse kuwa muka aro na niƙan tattasai wurin wata mai sayar da abinci a bakin ƙofa, muka wanke shi, muka kife shi ta gefen da ya fi santsi. Muka gwada ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya danna da ƙarfi sai ya farfashe anguryar, mai ya ɓata gashin. Wanda ya sassauta sai ƙarfen ya haye ta ya wuce. Malamin nan mai maganar kuɗin Mumuye ya fi kowa naci, ya tashi da tafin hannu ja wur, bai fitar da ƙwaya biyar ba.

Ranar buki muka aika da mota aka ɗauko Hajiya. Ta ƙi kujera, ta ce a shimfiɗa mata tabarma. Ta shafa dutsen ta ce kaushinsa ya yi yawa, amma a bar shi. Ta yagi audugar kaɗan, ƙasa da rabin abin da muke ɗiba, ta baje ta da yatsa, ta ɗora ƙarfen aminiyarta. Hannun yana rawa kafin ta danna, da ta danna kuwa sai ya tsaya. Anguryar ta riƙa fita ta gaba ɗaya bayan ɗaya tana gangarawa kan tabarma, gashin ya kwanta fari a bayan ƙarfen. Dattijuwar nan ta Iseyin tana tsaye a bakin ƙofa, sai ta matso ta durƙusa, ta kama tsince anguryar tana tarawa a gefen zanenta. Babu mai jin harshen wata a cikinsu. Da Hajiya ta gaji sai ta tura mata ƙarfen, ita kuma ta karɓa ta ci gaba.

A sabuwar takardar mun rubuta: “Ƙarfen gurza, daga ƙasar Zazzau. Dutsensa yana can.” Mun so a bar mana shi a sashe, amma da aka tashi ɗalibin ya ce babansa ya aiko a mayar da adudun gida da duk abin da ke ciki. Dutsen niƙan kuma muka mayar wa mai abinci, domin ta ce da shi za ta yi miyar dare.